Canza dutse mai rai a tankin murjani da ya riga ya zauna: gaba ɗaya ko kashi-kashi?

Dan_Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya. Tankin lita 300 ne, da tankin ƙasa (ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashinsa) na lita 80, shekararsa uku da kafawa. Dutse mai rai da ke ciki zai kai kilo 35. Kifi shida ne ƙanana, sai murjani masu laushi, irin da ake kira zowa (zoanthid) da yawa, da masu ƙashi guda huɗu. Matsala biyu ce. Aiftasiya, ƙaramar halittar nan mai hannuwa da ke mannewa a dutse tana harbin murjani, ta mamaye duwatsun, ga gansakuka mai gashi, fosfet kuma ya tsaya a 0.3 ppm (miligiram a lita) duk da ana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Naitiret 20. Akwai busasshen dutsen murjani kilo 30 a hannu. Niyyar ita ce a kwashe tsohon gaba ɗaya ranar Asabar a jera sabo. Hakan zai yiwu, ko akwai abin da ya kamata a fara yi?

MalamNaRano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka janye maganar Asabar ɗin nan. Dutsen da kake son kwashewa shi ne matatar tankinka. A cikin ramukansa bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirait take zaune, da wadda ke mayar da naitirait naitiret. Busasshen dutse ba shi da ko ɗaya. Ka kwashe kilo 35 rana ɗaya, kifi shida ba za su daina kashi ba, sai dai babu mai sarrafa shi. Kuma ka sani amoniya a ruwan gishiri mai pH 8.2 ta fi guba nesa ba kusa ba a kan ruwan da ke pH 7, don duk hawan maki ɗaya na pH yana ninka ɓangarenta mai guba kusan sau goma.

Abin da aka saba: ka fara jiƙa sabon dutsen a durom daban har ya yi rai, mako huɗu zuwa takwas. Sannan ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon, wato wajen kilo 8 ko 9, ka sa sabo a madadinsa. Ka bari mako biyu zuwa uku, kana auna amoniya kullum a kwana biyar na farko. Idan sifili ce, ka ɗauki kashi na biyu. Aikin duka zai ci wata uku zuwa huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya_Bichi:
Na goyi bayan Malam. Bari in ƙara yadda ake haɗa durom ɗin, don a nan ake yawan kuskure. Durom na roba mai cin lita 100 ko fiye, wanda abinci kawai aka taɓa zubawa a ciki. Shuɗayen durom na kasuwa da ba a san me suka ɗauko ba, a bar su. Ruwan RO (wanda injin tace ruwa na RO ya tace), gishirin tanki giram 38 zuwa 40 a kowace lita, amma rifraktomita, ma'aunin gishirin ruwa, ne alƙali: 1.025 zuwa 1.026. Famfon kaɗa ruwa guda ɗaya a ƙasa, bakinsa na kallon sama don saman ruwan ya riƙa motsi. Zafi 25 zuwa 28. A rufe, a ajiye a inuwa, babu haske ko kaɗan, don kada gansakuka ta riga murjani kama wuri.

Makon farko a bar shi ya fitar da dattinsa, a zubar da ruwan duka a sake sabo. Daga nan a zuba bakteriyar kwalba ko a sa soson tace ruwa da ya daɗe a tanki mai lafiya, a ciyar da ita da amoniyam kuloraid har ma'auni ya nuna 2 ppm. Wajen giram 0.6 ke nan a lita 100. Ranar da ka zuba 2 ppm, bayan awa 24 ka ga amoniya da naitirait duk sun koma sifili, dutsen ya shirya. Idan babu amoniyam kuloraid, jatan lande ɗanye guda ɗaya a cikin raga ya isa, sai dai ba za ka san adadin da yake fitarwa ba, ga wari.

Dalibi_BirninKudu:
Yallabai Injiniya, a yi min haƙuri da tambaya. Tunda dutsen busasshe ne, babu abin da zai mutu a jikinsa, me ya sa sai an zubar da ruwan farko?

Injiniya_Bichi:
Busasshe ne a ido. A cikin ramukan akwai mataccen soson teku da tsutsotsi da gansakuka da suka bushe a wurin. Da sun sha ruwa za su fara ruɓewa, su saki amoniya da fosfet. Shi kansa dutsen, tunda aragonait ne (dangin farar ƙasa da murjani ke gina ƙashinsa da shi), yana riƙe fosfet a jikinsa, yana sakinsa a hankali idan ya samu ruwan da ba shi da shi. Shi ya sa ake auna fosfet a durom kowane mako. Idan ya wuce 0.1, a canza ruwa, ko a sa GFO, garin tsatsar ƙarfe mai shanye fosfet, a jaka kusa da famfo. Lantanam kuloraid ma yana aiki da sauri, kuma durom ne wurinsa, ba tankin da ke da kifi ba, don farin garin da yake yi yana iya damun kifi wajen numfashi.

Hajiyar_Kazaure:
Allah ya gafarta Malam, a kan amoniya babu ja, amma ku duba dalilin da ya sa Dan_Ringim yake son canjin. Aiftasiya ce. Idan aka sa sabon dutse kusa da tsoho mai aiftasiya har wata uku, kafin a cire kashi na ƙarshe ta riga ta haye na farko. Halittar nan tana tafiya da gindinta, tana barin ɗan guntun nama a baya, kowane guntu kuma ya zama sabuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ni a ganina akwai hanya ta biyu. A zuba matattarar bakteriya ta yumɓu, lita 3 zuwa 4, a tankin ƙasa inda ruwa ke wucewa da ƙarfi, a bar ta mako shida. A lokaci guda sabon dutsen yana durom ana ciyar da shi amoniya kamar yadda Injiniya ya faɗa. Dutsen da ke cinye 2 ppm a awa 24 ba zai gaza kifi shida ƙanana ba. Sai a kwashe tsohon rana ɗaya, a yanke kowane murjani daga gindinsa na dā, a manna shi a sabo. Ba canjin gaba ɗaya ne ke kashe kifi ba, canjin gaba ɗaya da ɗanyen dutse ne.

MalamNaRano:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, kuma a lissafin amoniya na yarda zai iya ɗauka. Inda nake da shakka shi ne ko za a rabu da aiftasiyar. Tankin da ta mamaye shekara guda, ki haska tocila a akwatin malalar ruwa, da cikin bututu, da bangon tankin ƙasa, da bayan famfo, za ki same ta. Tana cikin yashi ma. Sai an ɗora wa murjani wahalar canjin rana ɗaya, bayan wata biyu a ga ta leƙo. Ko ta wace hanya aka bi, sai an sa mai cinta: jatan landen nan da ake kira fefamint, ko halittar nan mai kama da tsutsa da ake kira bagiya, wadda ba ta cin komai sai ita. Kuma bayan bakteriyar amoniya, tsohon dutse yana ɗauke da ƙananan ƙwari da soso da koralin (gansakukar nan mai tauri) da wasu ƙwayoyin da durom ba zai ba ka ba. A canjin kashi-kashi su ma suna hayewa sabon dutsen, ba aiftasiya kaɗai ba.

Baban_Ummi:
Kafin a je ga yadda za a canza, an tabbatar dutsen ne ke kawo fosfet ɗin? Dan_Ringim, wane ruwa kake haɗa gishiri da shi, kuma nawa ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ke nunawa?

Dan_Ringim:
Ruwan rijiyar burtsatse ne, yana bi ta injin RO. Yana fitowa da 12. Babu DI, matatar da ke kwashe ragowar ma'adinai, a bayansa.

Baban_Ummi:
To ɗan'uwa, nan za ka fara. 12 ruwan sha ne mai kyau, amma ba na murjani ba. Ana son sifili, kuma sai da resin na DI ake samunsa. A cikin 12 ɗin nan ana iya samun fosfet da silika da naitiret, musamman rijiyar da ke kusa da gona da ake zuba wa taki. Ka tuna ba ruwan canji kaɗai ba ne, har da na ciko kullum, kuma a hunturu tanki irin naka yana iya shan lita da yawa a yini saboda bushewar iska. Duk abin da ke cikin ruwan cikon nan yana taruwa, don ruwa ne kawai ke tashi.

Ka yi gwaji biyu. Na farko, ka haɗa ruwan gishiri sabo ka auna fosfet ɗinsa kafin ya taɓa tanki. Na biyu, ka ɗauki dutse ɗaya wanda babu murjani a kansa, ka sa a bokiti da lita 10 na ruwan da ya nuna sifili, da ɗan famfon iska, ka auna bayan kwana biyar. Idan ya hau, dutsen ya ƙoshi da fosfet yana amayarwa. Ko da haka ne, idan ba ka gyara ruwan ba, sabon dutsen zai sha har shi ma ya ƙoshi. Kuma kada ka jiƙa sabon dutse a ruwan 12 ɗin nan.

Yaya_Babura:
A ƙara da cewa fiya wata ba maganin wannan ba ne, don wasu suna komawa gare shi. An yi shi ne don sha, da gishirin ma'adinansa. Ruwan sama daga rufin kwano kuma yana ɗauko zinki da ƙura.

MaiTarwada_Wudil:
Ni mai kiwon tarwada ne, ina karatu a nan. Tambayata, tunda kawo dutse daga waje akwai tsada, me zai hana a fasa na gida? Ga duwatsun Dutse da Birnin Kudu da Rano, ga marmara ko'ina, ita kuma duk ramuka ce.

MalamNaRano:
Tambaya ce mai kyau, Malam. Na Dutse da Birnin Kudu da namu na Rano giranit ne. Ba shi da ramuka a ciki, bakteriya fatarsa kawai za ta zauna, ga nauyin da zai ɗora wa gilashin ƙasa, kuma ba ka san jijiyar ƙarfen da ke cikinsa ba. Marmara kuwa jan da kake gani ƙarfe ne, da alminiyam a tare. Ruwan gishiri yana cin abin da ruwan daɗi ba ya taɓawa, murjani da jatan lande kuma ba sa jure ƙarfe. Gwaji mai sauƙi: ka ɗiga binega a kan dutse. Idan ya yi kumfa, dangin farar ƙasa ne, irin da ake haƙa a Kalambaina da Ashaka don siminti. Amma kumfa ba ta nufin ya dace, don yawancin wannan a dunƙule yake, kuma yana iya zuwa da yumɓu da fosfet. A Legas ma ba za ka tsinci dutsen murjani a bakin teku ba, gaɓar Najeriya ba ta da tudun murjani.

Injiniya_Bichi:
Abin da ake iya yi a gida shi ne dutsen siminti. Awo ɗaya na siminti, awo huɗu zuwa biyar na yashin aragonait ko dakakken ɓawon kawa, irin wanda masu kajin ƙwai ke saya. A kwaɓa da ruwa kaɗan, ya yi wara-wara kamar dambu, kada ya yi laushi kamar na filasta. A haƙa rami a danshin yashi a zuba a ciki ba tare da dannawa ba. Wasu suna cuɗa gishiri mai manyan ƙwayoyi a ƙarshe don in ya narke ya bar ramuka. A bar shi kwana biyu a rufe da danshi, sannan a jiƙa a ruwan daɗi ana canzawa kullum ko bayan kwana biyu.

Baban_Ummi:
Gaskiya ne, amma a faɗi tsawon jiƙon, don a nan haɗarin yake. Sabon siminti yana kai ruwa pH 11 zuwa 12. Mako shida zuwa takwas shi ne mafi ƙaranci, wani ya fi haka. Hanyar ganewa: a canza ruwa, a bar shi kwana uku ba a taɓa ba, a auna. Idan ya wuce 8.5, bai yi ba. Ɓawon kawa na kaji kuma yana zuwa da datti, sai an wanke shi sosai, kuma a auna fosfet ɗinsa. Ga wanda ke fama da fosfet 0.3 kamar Dan_Ringim, ba zan ba da shawararsa ba, tunda yana da dutsen murjani a hannu.

Likita_Gumel:
Jama'a, akwai abin da ban ga an ambata ba, kuma ya fi kifin muhimmanci. Dan_Ringim ya ce akwai zowa da yawa. Wasu daga cikin zowa da 'yan'uwansu falitowa suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittun ruwa, kuma ba a gane mai ita da ido. Tana shiga ta rauni a hannu, ta ido, ta baki, da ta numfashi. An sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka saboda an zuba wa dutse tafasasshen ruwa ko an goge shi a cikin ɗaki.

Don haka kada a tafasa dutsen, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a ƙona shi, kada a goge shi a busasshe ko da injin feshi. Safar hannu mai tsawo har gwiwar hannu, tabarau mai rufe gefe, takunkumi, kuma aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Yara su yi nisa. Ruwan da aka wanke dutsen a zuba a rami a rufe, kada a watsa inda kaji da awaki ke sha. Bokitin da aka yi aikin da shi kada ya koma madafa. Wanda ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji ko ciwon jiki bayan aikin, ya tafi asibiti nan take, ya gaya musu sunan gubar, don babu maganin da ke karya ta, kulawa ake bayarwa, kuma ba abin da likita a nan zai fara zato ba ne.

Hajiyar_Kazaure:
Allah ya saka da alheri, Likita. Wannan ya shafi hanyar da na kawo kai tsaye, don yanke zowa daga dutse shi ne lokacin da ta fi fitar da majina. A yi yankan a cikin baho, a ƙarƙashin ruwa, da kurfi ko almakashin ƙashi, a ɗauko ta da ɓallin dutse siriri a ƙasanta, kada a yaga naman.

Yaya_Babura:
Tsohon dutsen ma kada a zubar, kuɗi ne. Idan an cire kashin farko, a jiƙa shi a bilic marar turare, awo ɗaya a awo goma na ruwa, har mako guda, a waje. Zai kashe aiftasiya da gansakuka ya cinye naman da ke ramuka. A ɗauraye, a jiƙa da maganin cire kulorin, a shanya a rana har warin ya tafi gaba ɗaya. Idan fosfet ne damuwar, sai wankan asid: haidurokulorik awo ɗaya a awo goma na ruwa, minti 15 zuwa 20, yana cinye fatar dutsen inda fosfet ya fi taruwa. Asid ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba. Idan an gama a kashe shi da sodar burodi (baking soda) har kumfa ta tsaya. Daga nan ya zama busasshen dutse, sai ya bi layin durom.

Dalibi_BirninKudu:
Yaya, ruwan batir zai iya maye gurbin asid ɗin? Shi ya fi sauƙin samu a ƙauye.

Injiniya_Bichi:
A'a. Na batir salfurik ne. Idan ya haɗu da dutsen murjani yana yin jifsam, ya toshe ramukan da kake so a buɗe, wanda aka zuƙo daga tsohon batir kuma da dalma a ciki. Sannan gargaɗi a kan maganar Yaya_Babura: bilic da asid kada su haɗu ko kusa. Haɗuwarsu iskar kulorin ce, tana ƙona huhu. Dutsen da ya fito daga bilic sai ya bushe ƙarƙaf, babu wari, kafin ya ga asid. Dutse ɗaya ne ba a ceto: wanda ya zauna a tankin da aka zuba maganin tagulla. Yana shan ta yana sakinta a hankali, ba ya komawa wurin murjani.

MalamNaRano:
Mu dawo kan ranar aikin, ko kashi ne ko duka. Tun ana gobe aikin a haɗa ruwa sabo lita 100, zafinsa da gishirinsa daidai da na tanki. A kashe hita minti goma kafin a rage ruwa, in ba haka ba ta fashe. A zuƙe ruwan sama mai tsabta a baho biyu kafin a taɓa komai: ɗaya na murjani da famfon iska, ɗaya na girgiza dutse. Kowane dutse a girgiza shi a baho kafin a fitar, don ƙananan kifi da kaguwa da jatan lande suna shigewa rami su yi shiru, ana iya shanya su a rana ba a sani ba.

Wurin da ya fi haɗari shi ne gindin dutsen da ya shekara uku a binne. A ɗaga shi a hankali, tiyo na zuƙa a gefensa. Idan yashin baƙi ne yana warin baragurbi, iskar haidurojin salfaid ce, guba ce ga kifi, a zuƙe wurin gaba ɗaya a zubar, kada a motsa shi ya bazu. Sabon dutse a ture yashi ya zauna a kan gilashi, sannan a mayar da yashin, don wanda aka ɗora a kan yashi yana zamewa ranar da kifi ya yi tono. A bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango don magogi ya wuce. Sabon dutsen daga durom zuwa tanki kai tsaye, kada ya sha iska ya bushe. Bayan an gama, gawayin tace ruwa sabo, audugar tacewa a canza washegari, abinci a rage rabi har mako guda.

Baban_Ummi:
Yashin kansa aragonait ne, ya sha fosfet kamar dutsen. Amma kada a haɗa canjinsa da na dutse, don shi ne ke riƙe da ragowar bakteriya. Sai dutse ya zauna da wata guda, sannan a riƙa zuƙe shi kashi-kashi a lokacin canjin ruwa.

Yaya_Babura:
A duba lokaci ma. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yana wuce 40 a waje, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. Tankin da ake fama a riƙe shi a 27 da fanka, ba lokacin tayar masa da datti ba ne. Durom ɗin ma, idan wuta ta ɗauke famfo ya tsaya da rana, bakteriyar da aka yi wata ana reno tana iya shaƙewa, ruwan ya yi wari. Famfon DC a kan batirin sola, ko aƙalla famfon iska mai batir a ajiye. A hunturu matsalar ta juya: daren Disamba da Janairu durom a waje yana sanyi sosai, bakteriya ta rage aiki, mako huɗu ya zama takwas. Hita wat 100 zuwa 200, a naɗe durom ɗin da bargo don a rage wa inbata nauyi. A yi canjin da safe, lokacin da batir zai samu yini guda na rana a gabansa.

Hajiyar_Kazaure:
Akwai abin da ke biyo baya wanda ya kamata Dan_Ringim ya sani, kuma a nan na yarda hanyar Malam ta fi tawa sauƙi. Farin dutse fili ne da ba kowa. Da ya ga haske, dayatom, gansakuka mai ruwan ƙasa, za ta rufe shi, sai koriyar gansakuka, kafin koralin mai ruwan hoda ya kama, wanda kan ɗauki watanni. Wannan ba lalacewa ba ne. Abin tsoro shi ne sabon dutsen da aka wanke tas ya shanye fosfet ɗin ruwan ya kai shi sifili. Murjanin da ya saba da 0.3 ba ya son faɗuwar dare ɗaya, kuma sifili ne ke buɗe wa daino ƙofa, majinar nan mai kumfa da ke kashe dodon koɗi. A riƙe fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, naitiret 5 zuwa 10. Idan akwai GFO a tanki, a cire shi ranar da sabon dutse ya shiga, a auna sau biyu a mako.

Dalibi_BirninKudu:
Hajiya, idan aka sayo dutse mai rai na gaske daga teku fa, ba an huta da duk wannan ba?

Hajiyar_Kazaure:
Samunsa ne aiki, ƙanena. Dutsen murjani yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun daji, sai da takarda yake tsallaka iyaka, kuma tun da Fiji ta dakatar da fitar da shi a ƙarshen 2017 na daji ya yi wuya. Wanda ake samu yanzu galibi renonsa aka yi a teku, kamar na Fulorida a Amurka. Ko an samu, dutsen da ya sauka a Legas ya kwana a mota zuwa Kano ya riga ya yi asarar da yawa daga abin da ke kansa, soso musamman ba ya jure iska. Shi ma durom zai shiga, da canjin ruwa babba a makon farko, har warin ya koma na teku. Kilo 2 ko 3 sun isa su zama iri ga sauran. Idan kuma daga tankin wani aka karɓo, a ajiye shi inda babu kifi kwana 76, saboda ƙwayar cutar fararen ƙuraje tana kwanciya a jikin dutse.

Dan_Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. An fasa Asabar. Za a fara da DI da gwajin bokiti na Baban_Ummi, sabon dutse ya shiga durom, matattarar yumɓu ta shiga tankin ƙasa. Idan kashi-kashi aka bi, wane za a fara cirewa, na sama ko na ƙasa?

Injiniya_Bichi:
Ba sama da ƙasa ba, gefe-gefe. Ka ɗauki ɓangaren hagu tun daga sama har gilashi, ka gina sabon tsibiri a wurin, da tazara tsakaninsa da tsohon. Ka haɗa ginin tun a waje da sandar akirilik ko sufa gulu mai kauri da garin dutse, ya shiga durom a haɗe. Idan ka yi amfani da gam ɗin ifoksi a cikin ruwa, sikima, injin da ke fitar da datti ta kumfa, za ta yi ambaliya kwana ɗaya ko biyu, ka sassauta ta.

MalamNaRano:
Ni da na fi son a fara da waɗanda aiftasiya ta fi yawa a kansu, ko a ina suke, don a rage iri. Waɗanda suka rage a bi su da kwaɓaɓɓen ruwan kalk (kalsiyam haidurokisaid) a sirinji, a rufe bakin kowace, famfo a kashe na minti 15, kada a wuce goma zuwa goma sha biyar a rana saboda pH. Amma tazarar da Injiniya ya faɗa tana da amfani. Kuma kowane murjani ya koma tsayin da yake a dā, don farin dutse yana mayar da haske, idan ya yi sama sai ya koɗe.

Baban_Ummi:
Idan kana zuba alkaliniti (sinadarin kabonet, ana auna shi da dKH) da kalsiyam kullum, ka sa ido. Koralin da ke kan tsohon dutse yana cikin masu sha. Da ka cire shi shan zai ragu, idan ba ka rage zubi ba alkaliniti ya hau, masu ƙashin nan huɗu su ne za su fara nunawa a bakin rassansu. Ka auna kullum a makon farko na kowane kashi, ka riƙe shi inda yake tsakanin 7 da 9 dKH, kada ya motsa fiye da rabin maki a yini.

Hajiyar_Kazaure:
Har yanzu ina ganin idan ka haska akwatin malala da bututu ka tarar babu aiftasiya a ciki, canjin rana ɗaya da dutsen da ya ci gwajin 2 ppm ya fi maka. Idan kuwa tana ciki, bi ta Malam. Ka duba da daddare bayan fitila ta mutu da awa ɗaya, lokacin ta fi miƙewa. Ka kawo mana sakamakon bokitin, da TDS bayan an sa DI, da lambar fosfet na durom a mako na biyu.

MaiTarwada_Wudil:
Malam Injiniya, dutsen simintin nan, yashin da ake haƙa ramin a ciki, na kogi zai yi, ko shi ma sai aragonait?

Injiniya_Bichi:
Duk yashin da ka zuba shi a ciki zai manne a fatarsa ya bi shi tanki. Na kogi yana zuwa da laka da baƙin ƙarfe, ka ja maganaɗisu a ciki ka gani. Ka yi ramin a cikin ɓawon kawar da ka wanke, ragowar kuma ka shanya ka ajiye don zubi na gaba.